Yadda na hana saitin furoksi komawa gidan jiya

Kwamfutocin ofishinmu a Katsina, in ka sa musu sabon adireshin furoksi (kwamfutar da ke tsaka-tsaki wadda suke bi su shiga intanet) da safe, kafin azahar sun koma tsohon. Na zargi birus, na sake ɗora Chrome, duk a banza, don shi saitin Windows yake bi.

Lokacin komawar ne ya tona asiri: Group Policy, wato dokokin saiti da Windows ke turawa kwamfutocin ofis daga babbar kwamfuta (saba), kan sabunta duk minti 90 zuwa 120. A cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, na rubuta gpresult /h rahoto.html don in ga rahoton dokokin da ke aiki a kwamfutar, sai ga wata tsohuwar doka daga saba tana tura adireshin da aka daina amfani da shi. Na shiga gpmc.msc, inda ake sarrafa dokokin, na cire mahaɗinta daga OU (rukuni) ɗin ma'aikata, na yi gpupdate /force a kowace kwamfuta don ta sabunta dokokin nan take. Sai da na sake rubuta sabon adireshin da hannu, domin cire dokar ba ya goge abin da ta riga ta rubuta.

Yau kwana uku shiru, alhamdulillahi.