Yadda za ka koya wa ɗalibai tantance bayani kafin su kwafa

Malam, ko a harabar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya kake koyarwa ko a ta Kongo, kar ka fara da doguwar lakca. Ka ce kowa ya ciro wayarsa ya buɗe guruf ɗin WhatsApp na aji, ya nemo irin saƙon nan na "an ɗage jarabawa", sai ku bi shi tare, wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo, akwai sa hannu ko tambarin makaranta? Tambayoyin nan su ne dai za su yi wa kowace maƙala gobe in an zo furojet na kammala digiri.

Daga nan ka kwashe su zuwa laburaren Kashim Ibrahim, babban laburaren jami'ar da ke Samaru, ma'aikatan su nuna musu yadda ake nemo littafi da lambarsa, don wallahi wani har ya kai aji huɗu karatun jarabawa kawai ke kai shi ciki, abin na damuna sosai.

A Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, nuna musu taƙaita shekaru, misali 2015 zuwa yau, sannan shafin AJOL (African Journals Online) don mujallun Afirka. In ChatGPT ya ba su sunan maƙala, dole su nemo ta su buɗe ka gani, yakan ƙirƙiro wadda babu ita sam.