Talabijin mai doro ta lalace: a gyara ko a sayi sabuwa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke wa talabijin hukunci tun ba a san abin da ya same ta ba. Allo ya yi duhu, ko hoto ya tsuke ya koma layi ɗaya a tsakiya, sai maigida ya ce ai ta mutu, a kira ɗan gwangwan. Alhali wannan layin da ke kwance yawanci ɗan ƙaramin IC ne, wato ƙwayar lantarki da ke cikin talabijin, ya ƙone, ko dalma ta saki saboda zafi, kuma mai gyara na iya gamawa da shi a zama ɗaya. Haka ma talabijin da ke ɗaukar lokaci kafin ta kama, sau da yawa kafasito ne, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikinta, ya bushe. In kuwa launi ne ya ɓaci a kusurwa, ya yi shuɗi-shuɗi ko kore, duba ko akwai sifika a kusa, domin maganaɗisunta ke jawo haka. A matsar da ita, a kashe talabijin daga soket na kamar rabin awa, a sake kunnawa.

Sai kuma masu zuba kuɗi inda ba a dace ba. Idan kwalbar allon kanta, wato babban gilashin da ke nuna hoto, ce ta gaji, hoto ya dushe ko an ƙure haske, fuskokin mutane sun yi hazo, to a haƙura. An daina ƙera irin wannan kwalba, kamfanin Sony ma ya daina ƙera nasa samfurin, Trinitron, tun 2008, don haka duk wadda za a sa maka tsohuwa ce da aka ciro daga wata. Ka tambayi mai gyara kai tsaye: "Malam, kwalbar ce ko kayan wutar da ke ciki?" Amsarsa ce za ta raba gardama.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kwance bayan talabijin da kansu. Don Allah kada a yi. Talabijin mai launi tana aiki da wutar da ta kai kusan bolt 25,000, kuma kwalbar na riƙe caji ko bayan an zare waya daga bango. Wannan jan wayar mai robar da ta manne a jikin kwalba, ita ce ba a taɓawa. Kwalbar kuma babu iska a cikinta, in ta fashe gilashi watsuwa yake yi.

Wasu suna jefar da talabijin mai doro don tasoshi sun koma dijital. Dikoda ta wayar AV, mai ja da fari da rawaya, ta wadatar. Amma mai amfani da sola ko ƙaramin janareto ya yi lissafi, don mai doro ta fi LED mai girmanta shan wuta sosai. Wanda ya gyara kuwa ya haɗa da sitabilaiza, in ba haka ba wutar da ta ƙona ta za ta sake.

Idan an yanke shawarar rabuwa da ita, a miƙa wa mai gyara ya ciri kayan da za su yi amfani. Kada a bar yara su fasa ta don neman jan ƙarfe, domin akwai dalma a gilashin bayan kwalbar.