Yadda nake zaɓa wa ɗalibai abin karantawa a darasin mulkin mallakar Ingila

Malamai 'yan uwa, in an danƙa muku wannan darasi kar ku fara da Landan. Ku fara da Ɗan Isa, garin da ke bakin iyakar Nijar da Nijeriya. Ɗalibin Maraɗi ya san hanyar Jibiya kamar tafin hannunsa, yana da gwaggo a Katsina, amma tambaye shi wa ya ja layin da ya raba su sai ya yi shiru. To makon farko ku ba shi yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 tare da taswira, ya bi da yatsa ya ga yadda iyaka ta yi ta matsawa har Maraɗi ta faɗo hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. Daga nan ba sai kun roƙe shi ya yi karatu ba.

Sai ku riƙa haɗa muryoyi bibbiyu. In kun sa babi daga littafin Dual Mandate na Gwamna Lugga, na 1922, inda yake kare mulki ta hannun sarakuna, a wannan makon dai ku sa wasiƙun sarakunan da wani Bature mai suna Backwell ya fassara daga Larabci a 1927, su ji yadda mutanenmu suka ga zuwan Nasara kafin a ci Kano da Sakkwato a 1903. Kuma don Allah kar a bar mata a baya, a littafin Baba of Karo na 1954 wata tsohuwa ce Bahaushiya ke ba da labarin rayuwarta da bakinta, wata ɗaliba ta ce min kamar kakarta take saurare.

Indiya dole ta samu mako biyu, kamfanin kasuwanci ne ya mulke ta sai bayan boren 1857 gwamnatin Ingila ta karɓe, shi kansa Lugga can ya yi soja.

Abin da ya taɓa kayar da ni shi ne yawa. Shekarar farko na jibga musu shafi tamanin na Ingilishi duk mako, yaran da suka taso da Faransanci, ga kuɗin fotokofi, kusan ba wanda ya karanta. Yanzu ba na wuce ashirin da biyar, kuma ina jingina da kundi na 7 na tarihin Afirka na UNESCO, wanda Adu Boahen ya jagoranta, akwai shi da Faransanci kyauta a intanet, sai in tura musu babin makon ta WhatsApp tun ranar Alhamis.