Yadda ake ba yaro antibayotik na ruwa ba tare da an zarce ƙima ba

Na yi shekaru ina aiki a shagon magani a Agege, kuma wallahi yawancin yaran da na ga an ɗirka musu antibayotik ya yi yawa ba da gangan ba ne, wajen haɗa kwalbar ake tafka ɓarnar. Zancen sai likita ya rubuta, da cewa mura ba ta jin antibayotik, kin sha ji, ba zan maimaita ba. Mu je kan kwalba.

Kafin ki bar shagon karanta lambar da ke jiki. Amoxicillin na yara akwai mai 125mg a cikin 5ml, akwai mai 250mg a cikin 5ml, kwalinsu kuma kamar an tsaga kara. In likita ya rubuta 5ml na mai 125 aka miƙo miki mai 250, to ninki biyu yaronki zai dinga sha har maganin ya ƙare. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sannan in akwai ragowar Amoxil, wato amoxicillin, a gida kar ki haɗa shi da Augmentin wai don ya fi saurin aiki, shi Augmentin ɗin ma amoxicillin ne a cikinsa.

Yanzu ruwa, nan ne matsalar. Maganin gari ne a busasshe, jikin kwalbar akwai layi. Ki fara bubbuga ta garin ya saki, ki zuba tafasasshen ruwan da ya huce kamar rabin hanya, ki rufe ki girgiza sosai, ki ajiye kumfar ta kwanta, sannan ki cika har ruwan ya zo daidai layin kina kallo daga saitin idonki ba daga sama ba. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa tsayawa a rabi saboda ita a ganinta ruwa da yawa zai salamce maganin, kamar kunu, toh kin ga kowane cokali ya zama biyu kenan, kwana biyu yaro na zawo da amai ita kuma tana cewa haƙori ne, sai da ta dawo sayen wata kwalbar don ta farko ta ƙare da wuri na gane abin da ya faru. Wasu kuma wuce layin suke yi don ya daɗe, shi ma asarar kuɗi ne, yaro na shan ruwa ciwo na nan. Ni dai a wurina in mai shagon zai haɗa miki a gabanki ya fi.

Awo da sirinji ake yi, wanda ba allura a bakinsa. Cokalin shayi na gida kowanne da girmansa, murfin kwalba kuwa kar ma a fara. Sirinjin bai kai kuɗin keke napep ba. Kuma duk lokacin da za ki ba shi sai kin girgiza, in ba haka ba na ƙasan kwalbar zai fi kauri.

Mutum ɗaya ne zai riƙe bayarwa. A ɗakin haya irin namu na Legas, uwa ta ba shi da magariba, Baban yara ya dawo daga Mile 12 ƙarfe goma ya ji jikin da zafi ya ƙara masa, Hajiya ma ta tashi da asuba ta yi nata. Ki liƙa takarda a jikin kwalin, duk wanda ya bayar ya rubuta lokaci. Sau uku a rana na nufin duk bayan awa 8. In an manta sai lokacin na gaba ya kusa, a bar wancan, ba a ramuwa da biyu.

In kuma ta riga ta faru, ko yaro ya ɗauki kwalba ya kurɓe, kar ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kar a ɗura masa manja, ba ya karya komai sai dai ya shaƙe shi. Ki dakatar da na gaba, ki ɗauki kwalbar da kwalinta ku tafi asibiti mafi kusa, ki faɗi nawa ya sha da ƙarfe nawa. Yawanci amai ne da zawo da ciwon ciki, sai a dinga ba shi ruwan gishiri da sukari. Amma in kika ga fuska ko leɓe sun kumbura, numfashi na sarƙewa, ko jijjiga, ko fitsari ya ɗauke, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, ki kira lambar gaggawa 112, ko 767 ta Legas, kuna hanya.

Ajiya kuwa, Augmentin da aka haɗa firij yake so, in wuta ba ta zama a unguwarku ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Ki ba shi iya kwanakin da aka ce ko da ya miƙe yana wasa. Abin da ya rage a zubar, yawanci kwana 7 ne ƙarkonsa bayan an sa ruwa, ki duba takardar ciki, kar a ajiye wa ƙaninsa.