Yadda za ki kula da cikin 'yarki bayan aikin miƙe ƙashin baya

Bayan an yi wa yarinya aikin miƙe karkataccen ƙashin baya, hankalin iyaye yana kan ɗinki da motsin ƙafafu. Ni da nake aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙashi, cikinta nake sa wa ido, musamman in doguwa ce siririya.

Akwai wata jijiyar jini da ta ɓalle daga babbar jijiyar ciki tana kai wa hanji jini. Farkon ƙaramin hanji ta tsakaninsu yake ratsawa, kitse ne kuma ke tokare su. Buɗin da ke tsakani yakan kai digiri 38 zuwa 65. Da an miƙe bayan, yarinya ta ƙara tsawo a yini guda, a wasu yaran jijiyar takan ɗame, buɗin ya koma ƙasa da digiri 25, sai hanji ya matse kamar an taka tiyo, abinci ya kasa wucewa, amai ya taso. Likitoci na ce masa ciwon Wilkie, sunan likitan tiyata na Edinbura da ya yi bayaninsa a 1927.

Aman ranar farko yawanci na maganin barci ne. Wanda ya taso bayan kwanaki, ko bayan an sallame ku, shi ne abin lura. Ki duba cikin roba kafin ki zubar. Kore ne mai ɗaci? Saman cibiya ya kumbura? Loma uku ta ce ta ƙoshi?

Ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa, madara, ƙwai. Kada ki yi mata ɗura, ko da kaka ta matsa. In ta ci, ta kwanta ta gefen hagu. Rub da ciki ma yana sassauta matsin, amma sai likitan da ya yi aikin ya yarda. Ki auna nauyinta duk mako, don rama ce ke cinye kitsen nan.

In aman kore ne, ki tsayar da abinci, ba jiƙo, ba kanwa, ku koma asibiti a daren, ki faɗa musu aikin da aka yi mata. Za a sa robar hanci a zuƙe ciki, a yi ƙarin ruwa, a ɗauki hoton CT mai nuna cikin jiki, wani lokaci a zura robar abinci ta wuce wurin da ya matse. Yawanci in ta yi ƙiba hanyar takan buɗe ba sai an sake tiyata ba.