Yadda za ka haɗa gida mai kunna wutarsa da kansa ko babu rezo

Ƙwayayen wuta da soket ɗin nan da ake cewa kana kunna su da talho, yawancinsu ba da talhonka suke magana kai tsaye ba. In ka danna, saƙon sai ya tahi wata kwamfuta can ƙasar waje sannan ya dawo ya kunna ƙwan da ke bisa kanka, to ranar da forfe ya ƙare ko rezo ya ɗauke sai dai ka yi ta kallon talho. Kamfanin ma yana iya rufewa, a watan Afrilu 2022 Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Maganin abin shi ne kwamfutar da ke ba da umurni ta zauna cikin gidanka.

Manhajar da za ka sa mata sunanta Home Assistant, kyauta ce, tun 2013 ake aikinta. Turawa sun fi son ɗora ta kan wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, amma nan Yamai ni dai na fi ba da shawarar tsohuwar kwamfutar hannu, ko wadda gilashinta ya tsage, mai RAM giga 4 ta wadatar. Dalili, tana da batir ɗinta, in kuran ya tahi ba ta mutuwa nan take, shi ko Pi katinsa na memori yakan lalace in wuta tana yawan yankewa yana cikin rubutu. Ga kuma maganar agogo da mutane ba su lura da ita: Pi 4 ba shi da agogon da ke riƙe lokaci in an kashe shi, daga intanet yake tambayar ƙarfe nawa, kenan in ya tashi babu rezo sai ya kunna maka fitilar waje da rana tsaka. In dole Pi ɗin kake so, haɗa mishi ɗan agogon DS3231, ko ka nemi Pi 5 ka sa mishi batir ɗin agogo. Kuma kar ka kulle shi cikin kwaba, da zahin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa, zahin cikinsa yana kai digiri 80 sai ya rage gudu da kansa.

Sau ɗaya za ka bukaci intanet, lokacin sauke manhajar da ɗora ta (ka kwashe hotunanka tukuna, tana share duk abin da ke ciki). Daga nan ka jona kwamfutar da ruta ta waya, ka buɗe homeassistant.local:8123 a talho. Ruta ba sai da kati ko forfe ba, aikinta kawai ta haɗa kayan gida. Yawanci volt 12 take ci, sai ka ɗora ta kan batir ɗin sola ko ɗan ƙaramin batir ɗin da ake yi don ita.

Wajen sayen kaya nan ne kuɗɗi ke ɓacewa. Nemi masu Zigbee, da ɗan kle USB nasu da ake soka wa kwamfutar, suna magana da juna ba ruwansu da wifi. Kle ɗin ka sa mishi igiyar USB ya ɗan yi nisa da kwamfutar, in ya manne da ita sigina takan rikice. In wifi kake so, kayan kamfanin Shelly na aiki cikin gida ba tare da waje ba, Sonoff ma haka in an canza mishi manhaja zuwa Tasmota ko ESPHome. Wanda kwalinsa ya ce Tuya wifi kawai, bar shi. Abu guda game da Zigbee, waɗanda ke jone da kuran su ne ke miƙa saƙo ga na nesa, masu batir ba su yi, don haka in wuta ta tahi na ƙuryar gida sai su yi shiru, musamman in akwai ƙofar ƙarhe da katangar siminti tsakani. Ka ɗora ko guda biyu kan layin sola.

Yanzu mi za ka sa shi ya yi? Fara da firijin. Saita soket ɗinsa ya zauna a kashe in kuran ya dawo, sai bayan minti 5 ya kunna, wannan dawowar ta farko ita ke cin injin. Sai fitilun waje, ka rubuta mata inda Yamai take da hannu, 13.5 arewa 2.1 gabas, ita za ta lissafa faɗuwar rana kullum, da magariba su kama, bayan asuba su mutu. Sai tankin ruwa, ɗan makunni mai iyo a sama da wani a ƙasa, injin ya tashi in ruwa ya sauka ya tsaya in ya cika, ka huta da maƙwabta suna buga ƙofa wai ruwanku na zuba a titi.

Amma injin ruwa da kilim kar ka kuskura ka jona su kai tsaye kan rele, wato ɗan makunnin da ke cikin waɗannan kayan, mai ampa 10, yana iya narkewa. Rele ya tada kontaktar, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, kontaktar ya ɗauki nauyin, ana samunsa wajen masu kayan wuta a Katako. Wanga aiki na volt 220 ne, kira mai gyaran wuta, ka ce mishi ya bar makunnan bango suna aiki yadda suke, don Hajiya ba za ta nemi talho ba in za ta kunna hwanka, kuma ranar da kwamfutar ta ƙi tashi ba ku kwana cikin duhu.

In an gama, cire katin ruta ko wayar intanet gaba ɗaya, kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ka duba agogo daidai yake, ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi amsawa mayar wa mai shi tun kwalinsa bai ɓace ba. Sannan ka ɗauki kwafin saitin daga cikin manhajar ka aje kan kle daban.