Yadda ake miyar kori ta kaza a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali

Ruwa ne yake kayar da yawancin masu fara girki da wannan tukunya. Uwargida ta saba da gas, inda miya ke tafasa tana tsotsewa, sai ta zuba ruwa har ya rufe naman. Ta dawo daga Harami bayan Isha'i ta tarar da romo tsululu, kori ya salance. Murfin tukunyar nan ba ya barin tururi ya tsere, duk abin da kika zuba yana nan, ga wanda albasa da kazar za su fitar. Kazar firiza kuwa, irin ta kamfanin Sadia da muke ɗauka a baƙala, wato kantin unguwa a Saudiyya, ta fi kazar gida ruwa nesa ba kusa ba. Kilo 1 na kaza, rabin kofin ruwa ya ishe shi. Za ki ga kamar zai ƙone, ba zai ƙone ba.

Cinyoyi za ki saya, ki cire fatar. Ƙirji bushewa yake ya koma zare-zare, ga shi ya fi tsada. Ki sauko da su cikin firji tun dare su saki. Kada ki kuskura ki saka su da ƙanƙararsu, domin tukunyar tana daɗewa kafin ta ɗau zafi, naman zai jima a ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so.

Suya kuma a kasko za ki yi ta, tukunyar ba ta suya. Manyan albasa 2 a mai cokali 3, har su yi ja sosai, ba su yi laushi kawai ba. Ki sa tafarnuwa da ɗanyar citta, sai kori cokali 2 da ɗan kurkum, ki juya na minti ɗaya su ji mai. Korin da bai ji mai ba garinsa kike ji a harshe ko ya kwana yana dahuwa. Tumatirin gwangwani cokali 2, gishiri, dunƙule, attaruhu. 'Yan Makka sun san attaruhun da ake sayarwa a titin Shari'u Mansur. In babu, koren barkonon baƙala ma ya yi. Ni ba na yin ta ba tare da busasshen lemun tsamin nan na kabsa (dafa-dukan shinkafar Saudiyya) ba, guda ɗaya, a huda shi da wuƙa.

Dankali a ƙasa, kaza a sama, ki juye suyar da ruwan. Ƙaramar wuta awa 5 zuwa 6, babba awa 3. In kin ɗora bayan Azahar, ki manta da ita. Yawan ɗaga murfi zafi yake zubarwa.

In ta dahu ki kashe, ta ɗan huce, sannan ki juya zabadi, wato yogot, cokali 3, don a kan wuta tsinkewa yake. A ci da shinkafar basmati ko tamis, burodin nan mai faɗi.